Bugu na Uku a Bayan Motar Twila

"Riƙe min wannan," in ji Orval Zelenka. Ya miƙa wa Twila hularsa, ya ɗora gwiwa ɗaya a kan ƙofar bayan a-kori-kurar, ya tsaya yana jiran ɗaya ƙafar ta yarda ta biyo shi.

"Tsoho, bari in ɗauko maka kujera ka taka."

"Kujera? Ni? Yarinya, tun ba a haife ki ba nake hawa bayan mota."

"Ai dalilin ɗauko kujerar ke nan."

Ya yi tsaki, ya yi nishi, ya mirgina ciki kamar buhun dusa. Twila Ostrander ta ba hamsin baya, jikokinta biyu, amma a bakin Orval ba ta taɓa wuce yarinya ba, ita ma ba ta san masa wani suna ba sai tsoho. Shingen waya ne kawai ya raba gonarta da tasa. Tun da mijinta ya rasu ya bar ta da shanu da wannan tsohuwar jar mota, duk abin da ya yi tari a gidanta, inji ne ko famfo, Orval ne likitansa. Ladansa kuwa gahawa mai zafi da damar yi mata tsiya.

Tun da aka gama girbin masara motar ta tsiri wani sabon kuka. Daga baya yake fitowa, gurnani ne ƙasa-ƙasa da ke ƙaruwa in an taka totur. Sannan jefi-jefi, in ta karya kwana hagu, sai ta ji ƙwas, sau ɗaya, kamar an jefi bodin da dutse. Ba kullum ba, sai ranar da motar ta ga dama. A nan yammacin Nebraska kuwa ba a kwance aksul, ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, a kan zato. Mutum ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya kwanta a baya ya manna kunne a ƙarfe, har motar ta faɗi inda ke mata ciwo.

Orval ya shimfiɗa guntun kafet ɗinsa, wanda ya sha baƙin mai har ba a gane asalin launinsa, daidai saman aksul. Ya zaro sifana daga aljihu.

"To, maimaita min karatun."

"Bugu ɗaya, in taka. Biyu, in ɗaga ƙafa in bar ta ta tafi da kanta. Uku, in tsaya."

"In ba ki ji uku ba fa?"

"In ci gaba da tafiya."

"Madalla. Don bara da muke neman kukan boris ɗin taya, kafin mu kai gada kin tsaya ya fi a ƙirga. 'Tsoho, lafiya? Tsoho, sanyi bai kama ka ba?' Ina dab da kama ɓarawon sai ki taka birki ya gudu. Marjean ta shekara arba'in tana tuƙa ni, ba ta taɓa tsayawa ba sai na buga."

"Ita ai hanyar rabuwa da kai take nema."

"Shi ya sa ta iya aikin."

A hayin shinge matarsa Marjean tana shanya, iska tana neman ƙwace mata zanin gado. A da ita ce direbansa, har kunnuwanta suka mutu ta daina jin bugun sifana, Twila ta gaje ta. Yanzu sai da wasu 'yan na'urori biyu da take cusawa a kunne take jin magana. Su ma in iska ta taso cire su take yi ta jefa a aljihu, wai fito suke yi mata a ka.

"Orval!" ta ƙwala, da irin muryar wanda ba ya jin kansa. "Ka zuge zif ɗin rigar nan! Kuma ku dawo da wuri, na ɗora nama!"

"Na ji, shugaba!"

"Me?"

"Na ce kin yi kyau yau!"

"Ban gan shi ba, ka duba cikin gareji!" in ji ta, ta koma kan shanyarta.

Orval ya yi dariya har ta sarƙe shi. Ya kwanta a gefensa na dama, ya ɗora kunne a ƙarfen, ya ɗaga mata sifana alamar a tafi. Twila ta rufe ƙofar baya, ta shiga, ta ajiye hular a kujerar gefe. Ta duba madubi ba ta ga komai ba sai ƙaton akwatin kayan aikin da aka ɗaure a bayan gilashi, wanda ya tare mata shi gaba ɗaya.

Suka bi burji a hankali, tsakuwa tana tartsatsi a ƙarƙashin mota. Da suka hau kwalta sai ta ji bugun sifana, ƙwas, ɗaya, mai ƙarfi. Ta taka. Gurnanin ya taso daga baya, ya cika motar, yana hawa yana hawa. Hagu da dama gonakin da aka girbe ne, kututturen masara har iyakar gani, da shanun wani suna kala a ciki. Wata motar ɗaukar ciyawa ta zo wucewa, direban ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, ita ma ta ɗaga nata. Ƙwas, ƙwas. Ta ɗaga ƙafa, gurnanin ya sauka ya koma wani siririn kuka. Ƙwas. Ta sake takawa. Haka suka yi ta yi, shi yana tambaya da sifana, ita tana ba shi amsa da ƙafa, har dogon rumbun hatsin gari ya bayyana a gabansu.

A gindin rumbun nan hanya take karyawa hagu ta shiga gari. Twila tana cikin murza sitiyari ta ji ƙwas, ƙwas. Ta ɗaga ƙafa. Sai kuma, bayan ɗan numfashi, ta ji wani na uku, maras ƙarfi, kamar wanda aka yi da kunya.

Ƙafarta ta kai kan birki. Har ta taɓa shi. Sai ta tuna cewa a kwanar hagu suke, kuma ai wannan ƙwas ɗin ne ya sa ta kira shi tun farko. Ta tuna muryarsa yana kwaikwayonta, "Tsoho, lafiya?" Ta hango shi ya ɗago kai yana ce mata ta sake korar masa ɓarawo, ga shi a tsakiyar gari, inda kafin rana ta faɗi kowa ya ji labarin. Ta janye ƙafarta. Har murmushi ta yi, tana cewa a ranta yau sai tsohon nan ya rasa abin faɗa.

Ta ratsa gari a hankali. Ta wuce banki, ta wuce ofishin 'yan kwana-kwana da ƙofarsa a buɗe, ta wuce ɗan asibitin gari da ke kallon titi. Ta fita ta ɗaya ɓangaren, ta miƙe har gadar rafi, ba bugu. Ta ce yana saurare ne, ba a katse mai saurare. Ta ɗan taka, ta ɗan ɗaga, ta karkata motar hagu da dama yadda yake so a yi masa, shiru. Da ta juya a bayan gada ta kamo hanyar gari, shirun ya fara damunta. Duk da haka ba ta tsaya ba. Dabara ta yi, ta ce za ta shiga gidan man Rollie, don in Orval ya tashi yin tsiya ta ce masa mai ne ya ƙare.

Rollie Pfeifer, mai gidan man, shi ne kuma shugaban 'yan kwana-kwana na sa kai, ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Twila, yau wane kaya kika ɗauko mana?"

"Tsohon kaya ne, ba mai saye. Leƙa ka gani."

Rollie ya dafa bodin ya leƙa. "Orval, barci a bakin aiki? Sai na gaya wa Marjean." Ya miƙa hannu ya girgiza ƙafar takalminsa. Ƙafar ta tafi ta dawo da kanta. "Orval?"

Twila ba ta san lokacin da ta fito ba. Yana nan yadda ta bar shi, a gefensa na dama, kunnensa a manne da ƙarfe, idanunsa a buɗe suna kallon bangon bodi kamar har yanzu yana jin wani abu. Leɓɓansa sun yi shuɗi. Sifanar tana ƙarƙashin yatsunsa, ba a riƙe ba, ba a sake ba. Zif ɗin rigarsa a buɗe yake.

Rollie ya yi tsalle ya shiga, ya birkito shi, ya fara danna masa ƙirji yana ihu a kira sauran. Jiniya ta tashi. Mutane suka fito daga shaguna da gudu, mai aski da farar rigarsa, mai sayar da taki da biro a kunne. Twila tana tsaye a jikin famfon mai, tana ta cewa, "Yanzu fa yake bugawa. Yanzu-yanzun nan yake bugawa." Ba wanda ya saurare ta. Suka ɗauke shi suka tsallaka titi da shi zuwa asibitin da ta wuce ta gabansa ɗazu.

Likitar wata matashiya ce mai gilashi. Ta fito ta ce zuciya ce, kuma ya riga ya tafi kafin a shigo da shi. Twila ta kama hannun rigarta.

"In da an kawo shi da wuri fa? In da tun daga kwanar rumbu aka kawo shi?"

Likitar ta cire gilashinta ta duba shi, ta mayar. "Wani ana ceto shi, wani ko a kan gadon nan ta same shi ba a iya komai. Ba wanda zai iya faɗa miki, kuma duk wanda ya faɗa miki ƙarya yake yi."

Rollie ya ce zai kira fasto su je su gaya wa Marjean. Twila ta ce a'a, ita ta ɗauke shi daga gida, ita za ta je. Amma da ta isa jikin motarta sai ta kasa kama ƙofar direba. Ta zagaya ta ɗauki hular kawai, Rollie ya kai ta a tasa motar. 

Ƙamshin gasasshen nama ya tare su tun daga baranda. Marjean tana kicin ta juya baya, tana daka dankali, ta jera faranti uku a tebur, har da na Twila. Ba ta ji buɗe ƙofa ba. Sai da inuwa ta faɗo mata a kan tukunya ta waiwayo.

"Kun kama ɓarawon? Ina mai hular?"

"Marjean," in ji Twila, muryarta ba ta fi raɗa ba. "Orval ya rasu."

"Me? Ɗaga murya, ban sa abin kunnena ba."

"Orval ya rasu."

"Ya wuce gareji? Ki ce masa abinci zai huce."

Akwai maganar da ba a halicce ta don a faɗe ta da ƙarfi ba. Twila ta cika ƙirjinta da iska, ta buɗe baki, ta ƙwala ta kamar mai kiran shanu daga hayin fage.

"Ya mutu, Marjean! Orval ya mutu!"

Kicin ɗin ya ɗauka. Marjean ta dubi bakin Twila, ta dubi hular, ta dubi Rollie da ke tsaye a ƙofa ya sunkuyar da kai. Ta ajiye abin dakan a hankali. Ta laluba aljihunta, ta ciro na'urorin, ta sa ɗaya, ta sa ɗaya, sai da ta gwada sau da yawa kafin ta biyun ta zauna.

"To," in ji ta. "Sake faɗa min."

Kafin yamma motoci sun cika farfajiyar gidan Zelenka. Kowace mace ta shigo da tire a rufe, taliya da nama da cuku, dankali, kek, har firij ya ƙi rufuwa aka fara jerawa a baranda tunda sanyi ya sauka. Maza suka tsaya a waje, hannuwa a aljihu, suna kallon ƙasa suna maganar farashin masara. Ranar jana'iza coci ya cika maƙil. Da aka dawo daga maƙabarta aka sauka ɗakin ƙasa na coci aka sha gahawa da kolaci, wainar fulawar nan mai 'ya'yan itace a tsakiya da Orval yake cewa don ita ya auri Marjean.

A nan mutane suka yi ta zuwa wajen Twila suna dafa kafaɗarta. Kowa da maganar da ya zo da ita, kuma duk iri ɗaya ce. Ya tafi yana aikin da yake so. Ko wahala bai sha ba. Ai da a tambaye shi, haka zai zaɓa, a bayan mota da sifana a hannu. Twila tana gyaɗa kai, tana jin kamar ta kife musu tiren kolacin a ka. Su ba su san da bugu na uku ba. Ba ta gaya wa Rollie ba, ba ta gaya wa fasto ba, ba ta gaya wa ɗanta da ya zo daga birni ba. Da na sani ƙeya ce, kuma tata ta zauna mata daram, ko juya wuya ba ta iya yi.

Tambayar ɗaya ce, ita take kwana da ita take tashi da ita. Motar ce ta yi ƙwas ɗinta na kwanar hagu, ko kuwa Orval ne ya ji abin ya taso masa, ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ce ta tsaya, ita kuma ta wuce da shi ta ƙofar asibiti tana murmushi? In ta rufe ido ta saurari bugun a ranta, wani lokaci ƙarar mota ce sak. Wani lokaci kuma har hannun take gani yana ɗagawa da ƙyar.

Rollie ya dawo mata da motar ya ajiye a jikin rumbun ciyawa. Ba ta taɓa ta ba. Da baro take kai wa shanu abinci, sawu bayan sawu, har kafaɗunta suka ƙage. In ta hango Marjean ta fito baranda sai ta shige bayan rumbu. Ita da a da ba ta kwana biyu ba ta leƙa kicin ɗin nan ba, yanzu shingen waya ya zame mata katanga.

Wata safiya, bayan baƙi sun watse, tana ɗaure ƙofar garke sai ta ji motsi a bayanta. Marjean ce, da doguwar rigar sanyi da jakar hannu, ta ratso ta ƙaramar ƙofar shinge. Ta rame, amma tsayuwarta tana nan.

"'Yar nan, na ga kin zama ɓarauniya a gidanki, sai laɓe-laɓe. Sifanar Orval na zo karɓa. Kin san bangon garejinsa, kowane ƙarfe ya zana masa wurinsa da fenti. Jiya na shiga na ga wuri ɗaya fayau. Na kasa barci."

"Tana bayan mota. Ban taɓa komai ba."

"Na ga alama. Baro ya gaya min."

Twila ta yi niyyar ta je ta ɗauko ta miƙa mata a rabu lafiya. Amma bakinta ya riga ƙafarta. Ta faɗa mata duka, tun daga kwanar rumbu, da bugu biyu, da na ukun maras ƙarfi, da ƙafarta da ta taɓa birki ta janye, da asibitin da ta wuce, da murmushin. Har murmushin ba ta ɓoye ba. Tana gamawa ta tsaya tana jiran abin da zai sauko mata, mari ne ko tsinuwa, duk ta shirya.

Marjean ba ta motsa ba. Fuskarta ta yi fari fat, ta kama ƙarfen ƙofar garke ta riƙe. Ta daɗe tana kallon jar motar.

"Uku," in ji ta a hankali.

"Ban sani ba, Marjean. Na rantse ban sani ba. Shi ne abin da zai kashe ni."

"Motar tana yin ƙwas ɗin nan a kwanar hagu?"

"Wani lokaci. Ba kullum ba."

"To tayar da ita."

"Ba zan iya ba."

"Za ki iya. Mu a gidanmu ba a kwance aksul a kan zato, balle mutum. Ke ki tuƙa, ni in kwanta a inda ya kwanta. In motar ce, zan ji ta. Je ki ɗauko min kujera in taka, ni ba ni da girman kan mijina."

Twila ta shiga gida ta ɗauko kujerar kicin. Kafin ta dawo Marjean ta ajiye jakarta a gaban mota, ta ɗaure kanta da gyale, tana jira a baya, iska tana kaɗa mata gefen riga. Ta taka ta hau, Twila tana riƙe da gwiwar hannunta. Kafet ɗin yana nan, sifanar tana nan. Marjean ta durƙusa, ta shafa kafet ɗin da tafin hannu, ta kwanta a gefenta na dama.

"In sanyi ya dame ki, ki buga kawai in tsaya," in ji Twila. "Ko ɗaya kika buga zan tsaya."

Marjean ta yi mata alama da hannu ta tafi.

Motar ta tashi nan take, kamar ba ta san abin da ta yi ba. Twila ta riƙe sitiyari da hannu biyu, idanunta a kan hanya, ko gefenta ba ta kalla ba. Burji, sannan kwalta. Gurnanin ya taso yadda ya saba. An kwashe shanun nan daga gonar masara, sai hankaki. Rumbun hatsi ya fito daga nesa yana girma. Ta daidaita gudun kamar na ran nan, ta murza sitiyari hagu, ta ɗaga ƙafa a daidai inda ta ɗaga, ta daina numfashi, duk jikinta ya koma kunne.

Gurnanin ya sauka ya koma siririn kukansa. Motar ta karya kwanar sumul, ta miƙe. Babu ƙwas.

Twila ta taka birki a nan take, a gindin rumbu. Ta fito, ta zagaya ta buɗe ƙofar baya. Marjean tana kwance, kuncinta a kan kafet ɗin, ta rungume sifanar a ƙirji. Hawaye ya jiƙa gefen gyalenta. Da ta ga haske ta yunƙura ta zauna, ta share fuska da bayan hannu.

"Na ji shi!" in ji ta da ƙarfi. "Ƙwas, sau ɗaya, daidai kwanar! Ƙasa-ƙasa, ta gefen hagu! Motarki ce, 'yar nan! Ba Orval ba ne!"

"Ni ban ji komai ba, Marjean."

"Shi in zai buga uku, har a cikin coci sai an ji! Ni na san hannunsa! Gobe ki kai wa Rollie ya duba miki sifirin ɗin hagu!"

Twila ta kifa goshi a kan bodin motar ta fashe da kukan da ba ta yi ba ko a maƙabarta. Ta ce a ranta wanda ke kwance a kan aksul ai ya fi na gaba ji, dalilin kwanciyar ke nan. Wani abu da ya daɗe a danne a ƙirjinta ya ɗan ɗaga. Marjean tana bubbuga bayanta tana cewa ya isa, ya isa, mutane za su ce ni ma na mutu.

Ba kujera a nan, sai da Twila ta rungumo ta ta sauke ta. Ta riƙe ta suka zagaya, ta buɗe mata ƙofar gaba, ta sunkuya za ta ɗauke jakar daga kan kujera. A jikin jakar akwai farin hankici a ninke. A kan hankicin kuwa ga 'yan na'urorin kunne guda biyu, an ajiye su a jere, tun kafin a bar gida.

Twila ta tsaya a sunkuye, hannunta a kan jakar.  Matar da sai an ƙwala mata mutuwar mijinta a cikin kicin, ita ce ta ji ƙwas ƙasa-ƙasa a cikin iska da kukan taya. Ta ɗago ta dubi Marjean. Marjean ta ga abin da ta gani, ba ta kau da ido ba, ba ta kuma yi alamar kunya ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki na'urorin, ta sa ɗaya, ta sa ɗaya, wannan karon a gwaji ɗaya suka zauna. Ta shiga ta zauna, ta gyara rigarta.

"Kin ce wani abu ne, 'yar nan?"

Twila ta girgiza kai. "A'a. Ban ce komai ba."

"To mu je gida. Akwai naman mutane a firij, ni kaɗai ba zan iya cinye shi ba."

Twila ta rufe mata ƙofa, ta zagaya ta shiga, ta juya motar a gindin rumbu. Suka kama hanya a hankali. Marjean ta ɗora sifanar a cinyarta ta rufe ta da tafin hannu biyu, tana kallon gonaki. A baya, iska tana ɗaga gefen guntun kafet ɗin tana mayarwa.